Muryar Inna a Bakin Wata

Daga Dosso ta zo Dogon Dutsi, tare da wanta da aka turo aiki gidan waya. Lokacin Nasara na nan da ƙarfinsu, ko da yake an fara raɗe-raɗin za su tafi. Ɗaki guda aka ba wan nata, kuma ba shi da mata, sai ya zo ya durƙusa gaban Inna ya roƙa ta bar ƙanwarsa ta zauna gidanmu. Inna ta ce ta kawo tabarmarta. Haka muka zama ɗaki ɗaya, ni da ita.

Sa'ata ce. Ni na yi lakkwal, wato makarantar boko, shekara huɗu na bari, na koyi keken ɗinki wurin matar wani gardi, ɗan sandan Nasara. Ita kuwa ba ta da sana'a sai baki. Tana jin Zabarmanci, tana jin Hausa, tana tsintar Faransanci a bakin wanta. Kafin ta yi wata biyu ta iya kwaikwayon kowa a unguwarmu: mai goron da ke magana ta hanci, Bafillatanar da ke kawo mana nono, har tarin tafintan kumandan, Baturen da ke mulkin garin. In ta fara, ni da Inna sai mun riƙe ciki. Na daɗe ban ga Inna tana dariya haka ba, shi ya sa na so yarinyar tun kafin in san halinta.

Dole in faɗi abin da ke gidanmu. Yayana, ɗan farin Inna, an ɗauke shi soja a babban yaƙin Turawa, ina ƙarama. Waɗansu sun dawo, shi bai dawo ba, kuma ba a aiko da takarda an ce ya mutu ba. A waje Inna ba ta taɓa zancensa. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗi, in aka ambace shi gabanta sai ta kau da kai, kamar yadda kowace mace mai kunya ke yi. Mutane har yabonta suke, suna cewa ta iya haƙuri.

Amma da hantsi, in gida ya yi shiru, takan shiga ɗaki ta ciro wata tsohuwar rigarsa shuɗiya mai faci a kafaɗa, ta shimfiɗa a gado, ta zauna gefe ta ba shi labari. Akuyar wane ta haihu. Geron bana ya yi kyau wajen Matankari. Ƙanwarka ta iya keke. Tana magana tana shafa facin da babban yatsa, in ta gama ta ce, "To, kai wanga yaro, ka daɗe fa." Sai ta ninke rigar, ta fito ta ci gaba da aiki. Ni kaɗai na sani.

Ranar da ƙawata ta gani, ni na same ta tsaye bayan asabari tana leƙe. Na jawo ta bayan rumbu.

Na ce, "Abin da kika gani, ba ki gani ba."

Ta ce, "Haba ƙawa, Inna ai uwata ce. Wa zan faɗa wa?"

Idonta ya cika da hawaye, na yarda da ita. Har yanzu ina jin hawayen na gaske ne.

A shekarar ne malaman lakkwal da akawunan ofishin kumandan suka kafa ƙungiyar tiyatar, wato wasan kwaikwayo. Da farko maza ke ɗaura zane su fito a mata, ana ta dariya. Babban malamin lakkwal, da muke ce wa mushe, wanda ke shirya wasan, ya ji labarin ƙawata wurin wanta, ya aiko a kira ta. Gari ya yi surutu, don ba a taɓa ganin budurwa ta hau dandali gaban maza ba. Inna ce ta tsaya mata. Ta ce wa matan unguwa, "Ɗiyata ce, ni na ba ta izini." Ni kuma na zama mai ɗinka musu kaya.

Wasanninta na farko na ban dariya ne. Ta fito a matar ɗan kasuwa mai faɗa, ta fito a tsohuwar da ta je asibiti tana tsoron allura. Mutane na zuwa daga Dumega da Ɗan Kassari a kan jakuna don su gan ta. In ta sauko, ni ke kwance mata ɗankwali, ina alfahari da ita.

Da bikin Nasara na tsakiyar damina ya matso, mushe ya ce za a yi sabon wasa gaban kumandan da baƙinsa, labarin sojan da ya tafi yaƙi. Ta kawo mini tsohon yadi shuɗi ta ce in ɗinka rigar namiji, in sa faci a kafaɗa. Na ɗinka. Na sha tambayar kaina yadda aka yi ban gane ba. Gaskiyar ita ce, ko a mafarki ban zaci za ta iya ba.

An yi wasan bayan la'asar a filin lakkwal. Inna ba ta zo ba, ba ta zuwa taro. Ina tsaye gefen dandali da allura a hannu, sai ga ƙawata ta fito da tafiyar Inna, kafaɗar hagu a ɗan sauke. Ta shimfiɗa rigar da na ɗinka, ta zauna gefe, ta fara ba ta labari da muryar Inna. Filin ya yi tsit. Ta shafa facin da babban yatsa. Ta ce, "To, kai wanga yaro, ka daɗe fa."

Ba wanda ya yi dariya. Tsofaffin sojoji da ke zaune gaba da lambobinsu suka sunkuyar da kai, matar kumandan ta ciro hankici. Sai na ji wata maƙwabciyarmu a bayana tana ce wa ta kusa da ita, "Ke, ai uwar mai keke ce wagga." Zancen ya bi layin mata har ƙarshe, suka riƙa waiwayowa suna dubana.

Da ta sauko, ta miƙo mini kai in kwance ɗankwali kamar kullum. Ban taɓa ta ba.

Na ce, "Don mi kika yi haka?"

Ta ce, "Ban faɗi sunan kowa ba, ƙawa. Ba ki ga yadda suka ji shi ba?"

Na ce, "Kin ce uwarki ce."

Ta ce, "Don uwata ce na iya."

Washegari Inna ta je rijiya. Ba wanda ya yi mata ba'a, abin da suka yi ya fi ba'a ciwo: tausayi. Wata ta karɓe mata guga, wata ta ce ashe haka take fama a ɗaki ba wanda ya sani, Allah ya dawo mata da ɗanta. Ta dawo da tulu rabi. Ta zauna a inuwar zaure ta kira ni.

Ta ce, "Ke kika faɗa mata?"

Na ce, "A'a, Inna. Leƙe ta yi."

"Rigar fa, wa ya ɗinka?"

Na duƙar da kai. Ba ta ƙara tambaya ba. Da ƙawata ta shigo ta durƙusa tana kuka, Inna ta ce mata ta tashi, ba komai, ta sa aka zuba mata tuwo. Ba ta kore ta ba, ni na naɗe tabarmarta na kai gidan waya na ajiye a ƙofar wanta. Daga ranar Inna ba ta sake shiga ɗaki da hantsi ba. Takan zauna waje tana tsince wake har rana ta take. Na yi ta jira in ji muryarta ta bayan asabari, ban sake ji ba har ta rasu.

Cikin baƙin kumandan akwai wani Bature mai ɗaukar silima. Bayan kaka ya dawo da kayansa a babbar motar kamiyo, suka ari wani gida a bakin dutse, ƙawata ta sake yin wasan gaban na'urarsa, da rigar da na ɗinka. Daga nan ya tafi da ita Yamai. Can ta shiga babbar ƙungiyar tiyatar, ta yi wasa a rediyo, ta fito a silima uku ko huɗu, an ce har ƙasar Faransa an kai ta. Kusan duk inda ta je, tsohuwar mai jiran ɗa ake roƙonta ta yi. Wata rana, bayan na yi aure a Matankari, na ji ana hira da ita a rediyon maƙwabta. Aka tambaye ta ina ta samo wannan tsohuwa. Ta ce kakarta ce ta Dosso. Na rasa wanne ya fi ƙona mini rai, tonon da ta yi wa Inna ko share ta da ta yi daga baya.

Sau ɗaya muka sake haɗuwa. Ƙungiyarsu ta zo wasa Dogon Dutsi, ta sa direba ya kawo ta har Matankari ta yi mini gaisuwar Inna, shekara biyu bayan rasuwar. Ta yi ƙiba, ta yi kyau, tana ƙamshin turaren birni. Na shimfiɗa mata tabarma na kawo ruwa.

Ta ce, "Ƙawa, har yanzu kina fushi. Amma ki duba, uwaye nawa suka ga wasan nan suka yi kukan da suka daɗe suna haɗiyewa."

Na ce, "Inna ba ta roƙe ki ba."

Na fara faɗa mata yadda Inna ta ƙare kwanakinta. Ina cikin magana na lura ba idona take kallo ba, hannuwana take kallo, yadda nake murɗa bakin zane in raina ya ɓaci. Nata yatsun suna motsi kan cinyarta a hankali. Ba na jin ta san tana yi. Na saki zanen, na ɓoye hannuwana, na ce rana ta yi, hanya ba kyau.

Ban raka ta ko ƙofar gida ba. Gwaggon mijina ta yi mini faɗa har yamma, wai na kunyata gida gaban babbar baƙuwa. Na ba ta haƙuri, na koma kan kekena, don akwai kayan suna da na yi alkawarin gamawa kafin Juma'a.