Daren da Malam Hashimu Ya Roƙi Abinci Aka Hana Shi

Wata rana, a wata unguwa bayan tashar mota a Funtuwa, wata baiwar Allah mai suna Barira ta farka cikin dare ta ji katifa a jiƙe.

Ta zaci rufi ne ke yoyo. Ashe gumin mijinta ne.

Mijin nata, Malam Hashimu, tela ne, gwanin ɗinkin manyan riguna. Ya daɗe yana fama da ciwon suga, har ta kai likita ya ɗora shi a kan allurar insulin safe da dare.

Ga shi kwance yana mutsu-mutsu, yana sambatu, hannunsa a miƙe sama kamar mai jiran a ba shi wani abu.

Ta jijjiga shi. Da ƙyar ya buɗe ido.

Ya ce ya ga Inna, mahaifiyarsa da ta daɗe da rasuwa. Tana tsaye a zauren tsohon gidansu da ƙwaryar fura a hannu, tana cewa ya karɓa ya sha.

Barira ta ce, "Malam, ka karɓa?"

Ya ce, "Ina miƙa hannu kika tashe ni."

Tun tana yarinya take jin manya na cewa idan mamaci ya miƙo maka abinci a mafarki ka ci, to kiranka ya yi ka amsa.

Kafin wani ya ruga ƙasan rubutun nan ya fara zagin matar nan, ya tsaya tukuna ya ji ko wace ce ita.

Tun ranar da aka ce mijinta na da suga, Barira ta zama soja a gidan. Sukari ya bar gidan. Zuma ta bi shi. Dabino ma, da ake kawo musu tsaraba, maƙwabta take raba wa.

Abokansa a shago har tsokanarsa suke yi, su ce, "Malam Hashimu, yau an ba ka izinin shan shayi?" Ya yi dariya ya ce gwamnatin gidansu ba ta karɓar cin hanci.

Ita ke masa allurar da hannunta. Ko unguwa za ta je, sai ta dawo kafin lokacin ya yi.

Wannan ita ce Barira. Sakaci ba ya cikin halinta.

Mafarkin bai tsaya a dare ɗaya ba.

Ya dawo, ya sake dawowa. Wani daren Inna ce da furarta. Wani daren rami ne yake faɗawa ba ya kai ƙasa. Wani daren ihu kawai yake yi, da safe bai ma san ya yi ba.

Kullum sai ya tashi da ciwon kai, jiki a mace, riga sharkaf da gumi.

Barira ta ɗauko ɗan injin awon suga da safe, ta soke masa yatsa. Wata rana ya nuna daidai. Wata rana ma ya nuna ya ɗan hau.

Sai ta yanke wa kanta hukunci cewa wannan ba ciwon asibiti ba ne.

Ta kira yayarsa, Yaya Uwani, wadda ita ta goya shi, kuma ita ce ta zame masa uwa tun bayan rasuwar Inna.

Yaya Uwani ta zo ta saurara, ta yi salati, ta riƙe haɓa.

Ta ce, "Barira, 'yar nan, wannan ba abin wasa ba ne. Duk abin da aka miƙo masa a barci kada ya yarda ya kai bakinsa. Kuma ki daina barinsa yana kwana da ciki a cike. Ƙoshi ne ke buɗe wa mugun mafarki ƙofa."

Ita ma ba da mugunta ta faɗa ba. Da hawaye ta faɗa.

Aka yi sadakar ƙosai. Aka turara ɗaki da habbatus sauda. Suka je wajen limamin unguwa, ya koya musu addu'o'in kwanciya, sannan ya ce, "Amma mai ciwo irin nasa, ku gaya wa likitansa ma."

Suka ɗauki rabin maganar, suka bar masa rabin a kan buzu.

Ai da kunya, in ji su. Wa zai bi layin asibiti tun asuba, ya zauna gaban likita ya ce ya zo ne a kan mafarki?

Daga nan Barira ta fara rage abincin dare.

Malmalar tuwon alkama ta koma rabi. Rabin ya koma ɗan kwaɗon zogale kafin magariba. Ta ƙara masa da ruwan shuwaka, don wata ta ce mata yana wanke ciki.

Allurar kuwa tana nan yadda take. Ko ɗigo ba a rage ba.

Tana rage abinci, mafarkin yana ƙara muni. Yana ƙara muni, tana ƙara ragewa.

Barira ta daina barci. Ta rame, idanunta suka faɗa. Sai ta zauna a gefen gado tana kallon ƙirjinsa na hawa yana sauka, tana roƙon Allah kada Ya karɓe mata shi yanzu. Yaransu ƙanana ne. Ita kuma tun da ta bar gidan ubanta ba ta san wani jigo ba sai shi.

Sai aka shiga hidimar ɗinkin Sallah.

Ranar nan babu wuta. Malam Hashimu ya yini yana taka keke da ƙafa, masu kaya na tsaye a kansa. Abincin rana ma bai samu ya ci kirki ba.

Bai shigo gida ba sai bayan isha'i.

Barira ta ajiye masa tuwo a kula. Ya kalli kular, ya kau da kai.

Ya ce, "Bar shi kawai. Dare ya yi. Kin ji abin da Yaya ta ce."

Shi ma tsoron yake ji, bai dai faɗa ba ne.

Ta ji daɗi a ranta. Ta mayar da kular madafa, ta ɗauko allura ta yi masa kamar kullum, suka kwanta.

Can cikin dare ya fara.

Wannan karon ya fi na kullum. Jikinsa na karkarwa, haƙoransa na haɗuwa, gumi na tsiyaya har ta kunne.

Ya buɗe ido rabi, ya damƙi gefen zaninta.

"Barira... yunwa. Ba ni wani abu in ci."

Ta tsaya cak.

Tuwon yana nan a madafa, da ɗuminsa. Tashi kawai za ta yi ta ɗauko.

Amma a kunnenta muryar Yaya Uwani take ji. Idan ta ba shi yanzu, yana tsakanin barci da farke, ai furar nan ce ta miƙa masa da hannunta.

"Don Allah, Barira. Ko loma ɗaya."

Ta fashe da kuka. Ta riƙe hannayensa biyu gam.

"Malam, ba kai ke magana ba. Ka daure. Wallahi ba zan bari a tafi da kai ba."

Ta shiga karanta Ayatul Kursiyyu tana tofa masa. Ta karanta Falaƙi da Nasi. Ta sake komawa farko. Hawayenta na ɗiga a fuskarsa.

Ya ƙara kiran sunanta, a hankali. Daga baya maganar ta koma gurnani.

Sai ya yi shiru.

Karkarwar ta lafa. Hannunsa ya saki zaninta. Ya fara wani irin minshari mai nauyi.

Barira ta ɗaga hannu sama ta yi hamdala. Ta ɗauka sun yi nasara. Ta ja bargo ta lulluɓe shi, ta zauna tana jan carbi, tana murna yau mijinta ya samu barci.

Wannan wurin ne duk lokacin da na tuna labarin nan yake tsaya mini a wuya.

Ladan ya kira asuba.

Malam Hashimu, wanda ko zazzaɓi yake yi ba ya rasa sahun farko, bai motsa ba.

Ta taɓa shi, jikinsa sanyi ƙalau. Ta kira shi. Ta jijjiga shi. Ta yayyafa masa ruwa. Ta ɗaga hannunsa, ya faɗi yaraf.

Ba ta san lokacin da ta fita ba, ba takalmi, ba mayafi, tana dukan ƙofar maƙwabcinsu mai Keke Napep.

A hanya kansa na kan cinyarta. Ba ta iya addu'a mai tsawo ba. "Ya Allah, Ya Allah" kawai take maimaitawa.

A asibiti nas ta soke masa yatsa. Tana ganin abin da injin ya nuna ta ƙwala wa likita kira. Nan da nan aka nemo jijiya, aka fara tura masa ruwan suga.

Barira na ganin haka ta zabura.

"Suga kuke sa masa? Ciwon suga fa gare shi."

Likitar, wata mace mai sanyin murya, ta ja ta gefe.

"Baiwar Allah, ya ci abinci jiya da dare?"

"Bai ci ba."

"An yi masa allurarsa?"

"Ni na yi masa da hannuna."

"Cikin daren bai nemi abinci ba?"

Barira ta ce, "Ya roƙe ni. Na hana shi."



Likita ta ce, "Mafarkan nan da gumin nan, sugansa ne ke faɗuwa yana barci. Jikinsa ne ke ƙoƙarin tashinsa ya ci wani abu. Shirun da kika ga ya yi ba barci ba ne, suma ya yi. Da lokacin da yake iya magana kin jiƙa masa ɗan sukari a ruwa ya sha, da yanzu yana masallaci."

Barira ta zame ta zauna a ƙasa.

Hausawa suka ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Ita kam mijinta ta kwanar da yunwa, da tuwo a madafa.

Hantsi ya yi bai farka ba. Azahar ta yi bai farka ba.

Likita ta gaya mata gaskiya: ƙwaƙwalwa da suga take aiki, kuma tasa ta daɗe babu. Sun yi abin da za su iya, saura na Allah.

Yaya Uwani ta iso. Aka gaya mata abin da likita ta ce. Ta samu wuri kusa da Barira ta zauna, ta kama hannunta. Babu wadda ta iya kallon idon wata.

Barira ta yi alkawura iri-iri a zuciyarta. Ta ce ko bai ƙara taka keke ba ta yarda. Ko ita ce za ta ciyar da gidan ta yarda. Ya dai buɗe ido ya kira sunanta.

Washegari da yamma ya buɗe ido.

Ya kira sunanta.

Ya gane Yaya Uwani, ya gane yaransa. Bayan 'yan kwanaki aka sallame shi, unguwa ta cika da barka.

Sai dai mutumin da ya dawo gida bai cika wanda aka fita da shi ba.

Abin da ya faru shekaru da yawa yana tuna shi tsaf. Abin da ya faru ɗazu ne ba ya zama. Sai ya yanka yadi, ya tsaya da almakashi a hannu, ya rasa na wane ne. A hankali masu kawo ɗinki suka janye. Likita ta ce wataƙila ya dawo, wataƙila ba duka ba.

Daren nan kuwa, ko kaɗan bai tuna da shi ba. Bai san ya roƙa ba. Bai san an hana shi ba. Ita kaɗai ke ɗauke da shi.

Yanzu kowane dare Barira na zama kusa da shi har ya cinye tuwonsa. Ta kwashe kwanuka, ta ba shi ruwa ya wanke hannu.

Ba a daɗewa sai ya juyo ya dube ta, da murmushin nan nasa na mai jin nauyin tambaya.

"Barira, na ci abinci kuwa?"



"Ka ci, Malam. In ƙaro maka?"

Darasi:

Ciwon suga ba hawa kaɗai yake yi ba, yana faɗuwa, kuma faɗuwar tana iya kisa cikin dare ɗaya.

Idan mai suga, musamman mai yin allura ko shan ƙwayoyin maganin suga, yana yawan mugun mafarki, ko ihu cikin barci, ko tashi da gumi da ciwon kai, a auna sugansa a lokacin da abin ke faruwa, ba sai gari ya waye ba. A gaya wa likitansa, kada a ji kunya. Likita ba zai yi muku dariya ba.

Kada ya yi allura ya kwana da yunwa. Kada kuma a rage masa abinci ba da sanin likita ba.

Idan yana karkarwa kuma yana iya haɗiya, a ba shi abu mai zaƙi nan take: sukari a ruwa, zuma, ko lemon kwalba, sannan ya ci abinci. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti.

Addu'a takobin mumini ce, ku yi ta. Amma Wanda ya saukar da cuta Shi ya saukar da magani, kuma liman ma cewa ya yi a haɗa biyun.

So kaɗai bai isa jinya ba, sai an haɗa da sani.

Kusan kowane gida yanzu akwai mai suga. Kada ka karanta ka wuce. Tura wa matar da ke kwana kusa da shi, ko mijin, ko 'yar da ke kula da tsohuwa. Tura tun kafin a kwanta yau.