Kalmar da Ta Ci Mana Shekara Guda

Ni ba mai yawan fita ba ce. In ka cire biki da gaisuwar mutuwa da asibiti, sai in yi wata biyu ban leƙa bakin Ƙofar Guga ba, alhali ba mu da nisa da ita. Boko kuwa aji uku na yi aka cire ni. Amma Allah Ya ba ni kunne. Abin da na ji sau biyu ya zauna ke nan, ko ban san ma'anarsa ba. Shi ya sa har yau in na tuna abin da ya sami ɗiyata ta fari sai abinci ya fita raina, don na san gaskiya da kunnena, kuma na yi shiru.

Tun tana ƙarama ba ta da zance sai aikin jinya. Da ta gama sakandare ta rubuta jarabawar shiga makarantar koyon jinya, muka zauna jira. Wata Alhamis ina tankaɗe a tsakar gida ta fito daga ɗaki da waya a hannu. Saƙo ne da Turanci. Ta ce an ce ta je ranar Litinin da takardunta a tantance ta. Na ajiye rariya na rungume ta, gari duk ya ɓata mata hijabi.

Maigidan kafinta ne, karatunsa bai fi nawa da yawa ba, kuma ba ya yanke komai sai da wansa. Wan nasa Alhaji ne, ya yi shekaru yana aikin ofis har ya yi ritaya, duk takardar da ta shigo zuriyarmu shi ke karantawa. Shi ne kuma zai sa mata hannu a matsayin mai tsaya mata. Aka kira shi, ya zo bayan la'asar, muka gaisa, ya tambayi gajiya da yara da zafi, na shimfiɗa masa darduma. Ya sa tabarau, ya nisanta wayar, ya matso da ita, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce mata, “Ke, ba a kira ki ba tukuna.”

Ya ce akwai wata kalma a ciki da ta lalata zancen. Na ce, “Wace kalma ce, Yaya Alhaji?” Ya ce, “Me.” Mu nan Katsina “mi” muke cewa, sai na zaci ya juya harshe irin na Kanawa yana tambayata, na sake maimaita masa tambayar da ƙarfi. Aka kwashe da dariya, har maigidan. Ashe sunan kalmar ke nan. Haruffa uku ce, may, a ido kamar “mai”, a baki kuma “me”.

Alhaji ya ce ma'anarta wataƙila. Ya ce shi ya san mutanen ofis, in suna son ka zo akwai kalmar dole da suke sawa. Wannan kuwa ita suka yi ta rubuta masa a kan ƙarin girma har ya bar aiki bai gani ba. In ta kwashi ƙafa ta je ba a tabbatar ba, za a ɗauke mu maroƙa. Ta jira saƙo na biyu, shi kuma yana da wanda ya sani a can, zai kira shi. Yarinyar ta ce a hankali, kanta a ƙasa, “Baba Alhaji, a makaranta an ce mana tana nufin izini ma.” Ya dube ta ta saman tabarau ya tambaye ta shekararta nawa tana karanta takardar gwamnati.

To ga abin da ke cina. Ni na san kalmar nan. Ƙannenta mata da ’ya’yan maƙwabta kullum suna wasan makaranta a gindin dalbejiyarmu. Ɗaya ta ɗauki tsinke ta zama malama, ɗaya ta tsaya a bakin tabarma ta ce, “Me ayi kom in, anti?” Malama ta ɗaga hanci ta ce, “Yes, yu me.” Sai yarinya ta shigo ta zauna. Sau nawa na ji wannan ina wanke-wanke? Ban taɓa ganin wadda aka ce wa “yu me” ta tsaya a bakin tabarma tana jiran saƙo na biyu ba. Maganar ta zo mini har baki. Amma dariyar da aka yi mini ba ta gama hucewa ba, ga shi wan miji ne, ga ni mai aji uku. Na tashi na kawo masa kunun aya.

Litinin ta zo ta wuce. Wanda Alhaji ya sani bai ɗauki waya ba. Ranar Laraba ƙawarta ta shigo da murna tana tambayar dalilin da ba ta gan ta a wurin tantancewa ba. Ta nuna mana nata saƙon. Iri ɗaya ne, har kalmar.

Washegari ban nemi shawarar kowa ba, sanar da maigidan kawai na yi. Na yafa mayafi, na kama hannunta muka hau keke Napep. A ofishin makarantar muka sami wani ma'aikaci mai kirki, ya amsa gaisuwata har ƙarshe, ya ba ni kujera. Ya ce an rufe tun ranar Litinin, sunayen sun wuce sama, gurbinta an ba na bayanta. Na yi roƙon da ban taɓa yi wa ɗan Adam ba. Ya juya ya yi mata wata magana da Turanci, sai ga kalmar nan ta sake faɗowa kunnena.

Na ce, “Malam, tsaya. Wannan da ka faɗa yanzu, wacce ce? Ta ‘shigo’ ce, ko ta ‘wataƙila’?”

Ya dube ni. Ya ce, “Mama, cewa na yi ta sake nema baɗi. An yarda ta nema. Samu kuwa sai abin da Allah Ya yi.”

Na ce, “To duka biyun ke nan. Da kun rubuta ta zo, mi zai ragu a jikinku?” Sai ya mayar da ido kan takardun gabansa.

A hanyar dawowa, don ta daina kuka, na sa ta yi mini bayanin kalmar. Ta ce ana neman izini da ita, ana ba da izini da ita, ana cewa ƙila da ita. In za a yi wa mutum addu'a a katin biki, da ita ake farawa. Har watan Mayu haka suke rubuta shi. Na ce wannan wace irin rowa ce? Mu in mun yarda mu ce je ki. In ba mu da tabbas mu ce ƙila. In fata ne mu ce Allah Ya sa. Su sun tattara duka sun ɗura a haruffa uku, sun turo gidan kafinta a warware.

Alhaji bai ce a yi haƙuri ba. Cewa ya yi haka Allah Ya ƙaddara, kuma masu rubutun ne ba su iya Turanci ba. Ƙaddara na yarda da ita, amma ba ta bakinsa na so in ji ba. Shekarar nan yarinyata ta yi ta a gida tana taya ni suyar awara, kullum da safe tana leƙen ƙawarta ta wuce da fararen kaya. Ta rame. Ni kuma in yara suka fara wasan makaranta sai in kore su waje, su ba su san laifinsu ba.

Da shekara ta zagayo saƙo ya sake zuwa, da kalmar a cikinsa, ba su canja ko harafi ba. Maigidan ya fara cewa a kai wa Yaya. Na ce za a kai masa takardar sa hannu, wayar kuwa tana hannuna. Ƙarfe bakwai na safiyar Litinin muna bakin ƙofar makarantar, ko mai shara bai zo ba.

Ta samu. Yanzu tana aji biyu, ƙawarta tana aji uku, kuma in suka haɗu a asibiti ita ke riƙe wa ƙawar tire. Alhaji yana zuwa, ina gaishe shi har ƙasa, ina kawo masa kunun aya. Amma tun daga ranar ban ƙara miƙa masa takarda ba sai na sa an karanta mini ita da ƙarfi, sau biyu.