Kwalayen Magani Sun Tafi Rano

Jiya na isa asibitin ƙauyenmu riƙe da kwalin maganin hawan jinin mahaifiyata, wanda ya ƙare tun asuba. Ma'aikaciya ta girgiza kai, ta ce babu.

Na juya zan tafi. Sai wata dattijuwa a kan benci ta buɗe mini leda cike da kwalaye, kowanne da sunan mai shi.

“Jefa naka, Malam. Mai babur ɗaya ke kai su kemis a Rano, ya sayo wa kowa maganinsa.”

“Inna, ku fa?”

“Mu da wannan gwiwar? Kwalaye su sha gargada, mu mu sha inuwa!”

Kafin la'asar mahaifiyata ta haɗiyi maganinta, zuciyata ta yi shar kamar gonar da ta sami ruwan farko.

Jama'a, ku a garinku wace dabara ke riƙe da marasa lafiya?