Ƙyauren Baba

Ranar Sallah ƙarama ce. Bayan mun sauko daga idi a Regent's Park, muka wuce flat ɗin yayana a Deptford don cin tuwon Sallah, kamar yadda muka saba. Shi likita ne, ya girme ni da shekara tara, kuma sati biyu ke nan da dawowarsu daga hutu a Thailand, shi da matarsa.

Ana gama cin abinci ya haɗa wayarsa da talabijin, ya ce sai mun ga abin da ya gani. Wani ƙaton gini ne a bakin teku, daga ƙasa har ƙololuwa duk katako. Babu tafin hannu guda da ba a sassaƙa ba: giwaye, furanni, mutane masu hannu huɗu, gumakan Hindu da na mabiya Buddha, wasu kan wasu. Ga Yaya tsaye a tsakiya da hular kwano, domin har yanzu ana kan aikin.

"Ko ƙusa ɗaya babu," in ji shi. "Tun daga nan na yi booking ɗin tikitin shiga. Na fi awa ɗaya ina kallon wani tsoho yana sassaƙa, har ƙwalla na yi. Waɗannan su ne suka san darajar aikin hannu. Mu me muke da shi?"

Na ajiye kofin da ke hannuna.

Mahaifinmu masassaƙi ne. Da gizago ya ciyar da mu, da shi ya kai Yaya har jami'a. Turmi, akushi, kujerar mata, allo, duk yana yi. Amma abin da ya fi ji da shi shi ne ƙyauren zaurenmu, na icen ƙirya, wanda ya kwashe damina biyu yana yi wa zane. Ina yarinya nakan bi layukan da yatsa har in kai inda tsayina ya ƙare. Baƙi kan tsaya su duba kafin su yi sallama.

Shekara ɗaya da rasuwar Baba, Yaya ya aika aka gyara gidan. Bai yi shawara da kowa ba. Aka cire ƙyauren aka sa ƙofar ƙarfe mai ruwan toka, irin ta kowa. Da na je gida na tambaya, ƙanwata ta sunkuyar da kai, ta ce an faskara shi an dafa shinkafar sunan ɗan maƙwabci. Shekara shida ban tayar wa Yaya da maganar ba, saboda Inna ta roƙe ni.

"Yaya," na ce, "ina ƙyauren Baba?"

Ya juyo yana murmushi, bai gane ba tukuna. "Wane ƙyaure?"

"Wanda ka sa aka cire. Ka hau jirgi awa goma sha ɗaya, ka bi layi, ka sa hular kwano, ka yi wa tsohon wasu kuka. Naka tsohon fa? Sau nawa ka taɓa tsayawa ka kalle shi yana aiki? In abokanka na makaranta suka zo, ta ƙofar baya kake shigar da su don kada su gan shi cikin ɓarɓashin itace."

"Ke, ki san da wa kike magana. Gara ta fara cin sa."

"Ƙarya ne, Yaya. Ƙirya ce, gara ba ta cin ta. Kai ma ka sani."

Ban taɓa ce masa ƙarya yake ba, tunda aka haife ni. 'Yarsa babba, wadda ke jin Hausa amma ba ta mayarwa, ta tambayi uwarta da Turanci wai wace ƙofa ake nufi. Wannan ya ƙara tunzura ni: shekararta goma sha bakwai, ba ta ma san sana'ar kakanta ba. Na juya na gaya mata da Hausa, dalla-dalla. Yaya ya kashe talabijin, ya shige ɗaki ya rufe.

Matarsa ta biyo ni har bakin lif da sauran miya a roba, tana cewa in yi haƙuri, ranar Sallah ce. Na karɓa don kada in kunyata ta.

Washegari na kira ƙanwata, na ce ta bincika gidan kaf, ko akwai abin da ya saura daga hannun Baba. Bayan kwana uku ta turo hoto: murfin rumbu ne, an tokare ƙofar garken awaki da shi, gefe ɗaya ya ruɓe. Na ce ta wanke shi, ta shafa masa mai, ta kai ɗakin Inna, kada kowa ya taɓa.

Yaya bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba shi ba. Muna gaisawa a masallaci, yana tambayar yara, ina amsawa. 'Yarsa ce ta kira ni wata biyu bayan nan, ta ce Inna ta ba ta labarin murfin, in turo mata hotonsa.