Mutumin da Ya Kalli Fim da Ƙeya

Shekara goma sha tara Baba Eli ya yi yana tsaron ƙofa ta huɗu a wani gidan wasa a Birmingham, amma bai taɓa zama ya kalli opera ba, wato wasan nan da komai da waƙa ake faɗinsa. Shi aikinsa a baranda yake. Ya jingina da ƙofa, ya tare waɗanda suka makara har a zo gaɓar da za su shiga ba su dami kowa ba. Agogo ba ya taimako, don kowane jagoran makaɗa da irin saurinsa. Sai ya koma aiki da kunne, yana haɗa abin da ya ji da labarin da ke cikin ɗan littafin da ake raba wa 'yan kallo. Mutumin Kagoro ne, cikin mawaƙan coci ya taso.

Hafsa ba ta san duk wannan ba. A wurinta tsohon maƙwabcinsu ne a unguwar Erdington, mai kawo musu tumatirin lambunsa.

A watan Afrilu ta dawo daga jami'a a Manchester, ko abinci ba ta iya ci. Kundin digirinta a kan wani fim ne na sarakunan Turai na da: ta ce kiɗansa da ƙashin labarinsa daga wata opera aka ɗauko su, ita kuma opera daga tatsuniyoyin mutanen Scandinavia. Malamarta ta dawo mata da shi, ta ce duk maganar wasu ce, ina hujjarta? Mako biyu aka ba ta, in ba haka ba babu digiri bana.

Ranar Asabar da hantsi Baba Eli ya same ta a falo, fim ɗin yana yi, ita tana kuka.

"'Yata, wa ya rasu?"

"Ba kowa, Baba. Deadline ne."

Ya ajiye tumatirin, ya kasa kunne. "Wa aka ba takobi?"

Hafsa ta ɗago. Baba Eli bai ko dubi talabijin ba, ga shi kuwa wani saurayi yana ɗaga karyayyen takobin ubansa da aka sake ƙerawa.

"Ka taɓa gani ne?"

"Ni da fim? Wannan ƙahon na takobi ne a opera. In na ji shi, saura minti huɗu in buɗe ƙofa."

Nan take ta juya masa kujera ta fuskanci bango, ta ɗauko biro. Awa biyu yana ba fim ƙeya yana faɗi. Nan an yi alkawarin da za a karya. Nan hankaki sun kai wa uban alloli labari. Da ganguna suka yi nauyi ya ce, "Jana'izar jarumi."

"Baba, ka faɗi. Sarkin lafiyarsa lau, ga shi a kan doki."

"Ki bar shi ya ji daɗin dokinsa."

Kafin a gama, sarkin ya mutu.

Sau ɗaya ya kuskure. A ƙarshe ya ce duniya ta kama da wuta, alhali jirgin ruwa ne ke tafiya cikin hazo. Ya ji haushi, ya ce masu fim ne ba su san aikinsu ba. Wannan kuskuren ya zama babinta mafi ƙarfi: inda fim ya ari kiɗan ƙarewar duniya, ya ƙi ƙona duniyar.

Ta ci jarrabawar. Har yanzu gabanta yana faɗuwa in ta ga saƙo daga jami'a, amma digirin yana rataye a falo. Ta kai masa kundin, ta buɗe shafin godiya inda sunansa ya zo kafin na kowa. Ya sa tabarau, ya karanta sau biyu.

"Kin rubuta ƙofa ta uku," in ji shi. "Ta huɗu ce, 'yata. Ta uku ba a jin ƙaho sosai."