Motar da ba ta kai gida ba

Ni da yayana mun daɗe muna aikin gona can ƙetaren sahara, a Wadi Bawanis kusa da garin Sabha, cikin lambun wani Balarabe, kafin mu yi ƙarfin sayen a-kori-kura tamu ta kanmu. Dukanmu mun yarda za mu riƙa ɗauko tumatir da albasa da harawa muna kawowa kasuwar Sabha. Amma yayana yana da nasa burin, kuma bai taɓa ɓoye shi ba: yana son ranar da zai koma gida Nijar ya shiga garinmu da motarsa, ɗauke da injin ban ruwa da bututu, ya tayar da lambun babanmu. Ya ma riga ya sayi injin, yana lulluɓe da bargo a kusurwar ɗakinmu na haya a unguwar Mahdiya, yana cin rabin wurin kwanana.

Ranar sayen mota, wani dillali ya nuna mana motoci biyu. Ɗaya babban inji gare ta, in an tayar da ita har ƙasa take rawa. Ɗayar ƙaramin inji, ba ta da hayaniya. A nan ba a sayen irin wannan mota sai an kai ta cikin yashi, don haka muka fita bayan gari ta hanyar Tamanhint. Babbar ta haye tudu kamar ba komai. Ƙaramar ta kai rabi, ta yi nishi, ta tona wa kanta rami ta zauna, sai da muka sauka muka tura.

Yayana ya karkaɗe rigarsa ya ce, "To ka dai gani da idonka. Wannan ko bakin iyaka ba za ta kai mu ba."

Na ce, "Yaya, gida sau ɗaya za a je. Kasuwa kuwa kullum ce. Waccan ai ba shan esansi take ba, wanka take da shi. Ka manta layin gidan mai?"

Bai manta ba. Kowa a garin nan ya san yadda ake wuni a layi, a kai kusa da famfo a ce ya ƙare. Ni kuma Allah ya ba ni baki, in na kama magana ba na saki. Na yi ta yi har ya gaji, ya ce, "Shi ke nan, ƙanena, ɗauki taka. In ta tara mana, ma canza."

Abin da ke ci mini rai shi ne gaskiya na faɗa. Duk lokacin da mai ya yi wuya, manyan motoci suka kwanta a ƙofar gidajen masu su, tamu tana kan titi tana zirga-zirga. Ta ciyar da mu, ta ciyar da iyalanmu a gida. Yayana da kansa ya koma yana shafa ƙeyarta yana kiranta 'yar albarka. Canjin ne dai bai zo ba. Bana a ce baɗi, baɗi taya ta fashe ko wani ya kwanta rashin lafiya a gida.

Sai bayansa ya fara ciwo, har ɗaga buhu ya gagare shi. Ya ce zai tafi gida. Muka zaga wurin direbobin da ke tsallaka sahara da manyan motocinsu, kowa ya dubi injin ban ruwan ya girgiza kai, wai wurin mutum uku zai cinye, nauyinsa kuma zai nutsar da su a yashi. Dole aka bar injin a kusurwar ɗaki. Ni na kai yayana tasha a cikin 'yar albarkar. Ya hau bayan motar wani, ƙafafunsa suna reto a waje, ya rungume sandar da ake kafa wa fasinja don kada ya faɗo, jaka ɗaya tal a cinyarsa. Bai ce mini komai game da motar da na sa muka saya ba, har yau kuma bai ce ba. Na fi son da ya zage ni.

Kwanan baya na kira shi a waya da hantsi. Ya daɗe bai ɗauka ba, da ya ɗauka kuma sai haki nake ji da ƙarar ruwa. Na tambaye shi ko lafiya.

Ya ce, "Lafiya lau. Ɗan dakata mini, ina bakin rijiyar lambu ne, bari in ƙarasa jawo gugan nan."