Gadar da Kawu ya ɗaure wa kusoshi

Mun tashi da asuba daga Roni, ni da ƙanin mahaifiyata. Tun da ya ga ana shimfiɗa sabon layin dogo kusa da Kazaure ya kasa sukuni. Yana so ya ga tsohon, wanda ya yi wa leburanci yana saurayi, kafin yanar ido ta gama rufe masa gani.

A Kazaure muka sha koko. Ƙosan ya ƙanƙance har Kawu ya tambayi mai suyar ko na jarirai ne. Muka bi ta Babura da Kanya Babba a motar haya, mu huɗu a kujerar baya. Gero ya fid da kai hagu da dama, gajimare na binmu sannu-sannu. Kawu ya lumshe ido yana jera sunayen tashoshin jirgin ƙasa kamar mai jan carbi.

Bayan azahar ɗan acaɓa ya sauke mu gabas da Ringim. Dogon ya nutse cikin ciyawa, wani wurin ma babu shi, 'yan gwangwan masu cinikin tsohon ƙarfe sun kwance. Na fara tunanin ko ita ma gadar da Kawu ya zo nema sun kwance ta.

Tana nan. Ba ta kai girman da yake ba mu labari ba, amma tana tsaye, ruwa na wucewa ƙarƙashinta shiru. Wani manomi ya tare mu fuska a ɗaure.

"Me kuke dubawa a jikin ƙarfen?"

"Malam, da hannuna na ɗaure kusoshin nan," in ji Kawu.

Sai mutumin ya sauke fartanya ya gaishe shi da hannu biyu. Ya ce da damina ita kaɗai ce hanyarsu zuwa kasuwa da asibiti, shi ya sa suke gadinta bi-da-bi, suna shafa mata baƙin mai. Kawu ya lallaba ya nuna masa gindin da ruwa ke kwanciya, ya ce daga nan tsatsa ke fara ci. Sannan ya durƙusa ya kara kunne a kan dogon. Ya daɗe a haka yana murmushi.

A gidan manomin muka kwana, washegari da la'asar muka iso Roni. Na tafi ina zaton tsohon ƙarfe sai hukuma ke iya ceto shi. Na dawo na san masu taka shi kullum ne suka hana shi faɗuwa.